Kalankuwar Tirinidad: Yadda Dokokin Hani Suka Haifi Kiɗa da Waƙa da Sutura

A kowace shekara, a ranakun Litinin da Talatar da suke gabatar Larabar Toka, wato ranar da Kiristoci mabiya ɗarikar Katolika suke fara azuminsu na kwana 40, harkoki sukan tsaya cik a Port of Spain, babban birnin ƙasar Tirinidad da Tobago. Kwanakin nan biyu ba sa cikin jerin ranakun hutun da doka ta tanada, amma duk da haka makarantu da bankuna da akasarin shaguna a rufe suke yini, domin jama'a sun kwarara kan titi, wasu cikin ado na gashin tsuntsu da duwatsu masu ƙyalli, wasu kuma sun shafe jikinsu da taɓo ko fenti, manyan motoci ɗauke da lasifikoki suna tafe a tsakiyarsu. Wanda ya ga hotunan wannan biki a intanet, musamman idan ya tashi a inda ake daraja suturta jiki, zai iya kawar da kai ya ce holewa ce kawai, kuma akwai abubuwa a cikin bikin da suka cancanci wannan hukunci. Sai dai hotunan ba sa nuna abin da ya fi muhimmanci, wato cewa kusan kowane ɓangare na wannan kalankuwa, daga gangar da ake kaɗawa zuwa waƙar da ake rerawa da shigar da ake yi, ya samo asali ne daga wata takaddama tsakanin masu mulki da talakawa a kan wanda yake da ikon taka titi da ɗaga murya a cikinsa.

Tirinidad tsibiri ne da ke kudancin tekun Karibiyan, dab da gaɓar ƙasar Benezuwela. Sifaniya ta daɗe tana riƙe da shi ba tare da ta kula da shi sosai ba, har zuwa shekarar 1783, lokacin da ta fitar da wata doka da ta yi wa duk wani ɗan Katolika alkawarin filin noma idan ya zo ya zauna, tare da ƙarin fili a kan kowane bawa da ya zo da shi. Faransawa masu gandaye daga tsibiran Martinique da Guadeloupe da Grenada suka amsa kira, suka kwaso iyalansu da bayinsu, cikin 'yan shekaru yawan jama'ar tsibirin ya ninka sau da dama. Ingila ta ƙwace tsibirin a 1797, amma harshen titi ya ci gaba da zama gaurayen Faransanci na kusan ƙarni guda, haka ma al'adun masu gandaye. Daga cikin waɗannan al'adu akwai liyafar ɓad-da-kama da suke yi tun daga Kirsimeti har zuwa jajibirin azumi, inda suke ziyartar juna gida-gida cikin shigar burtu. Wata shiga da mazajensu suka fi sha'awa ita ce ta bawan gandu: Bature ya shafa baƙi a fuska, ya sa tsumma, ya riƙe bakin wuta yana kwaikwayon mutanen da suke noma masa rake. Su kuwa bayin da ake kwaikwayo, an haramta musu shiga wannan sha'ani, sai dai su leƙa daga nesa, su koma bayan gida su shirya nasu.

Abin da masu gandayen suke kwaikwayo yana da tushe mai ɗaci. Idan gobara ta tashi a gonar rake, wajibi ne a sare raken cikin gaggawa a kai shi matsa kafin ya lalace, don haka sai a busa ƙaho a tattaro bayi daga gandayen da ke kewaye, a kora su cikin dare da bulala, suna riƙe da wuta suna rera waƙar aiki. Wannan fitar dare ita ake kira Kambule. Da aka soke bauta a ƙasashen da Ingila take mulka a 1834, aka kuma kawo ƙarshen aikin dolen da ya biyo bayanta a ranar 1 ga Agustan 1838, sai 'yantattun bayin suka ɗauki Kambule suka mai da ita tasu. Suka riƙa fitowa da tsakar dare da ganguna da sanduna da wuta, suna tuna wahalar da suka sha, suna kuma nuna cewa yanzu babu mai kora su. Ba a jima ba suka mamaye bikin gaba ɗaya, Turawa da masu hannu da shuni suka janye zuwa cikin gidajensu, jaridun birnin kuma, waɗanda a da suke yabon bikin, suka shiga kiran a soke shi saboda a cewarsu ya zama dandalin rashin kunya.

Ya kamata a san su wane ne waɗannan mutane, domin Afirka ba ta yi nisa da su ba a wancan lokaci. Saboda noman gandu ya makara kafin ya kankama a Tirinidad, da yawa daga cikin bayin tsibirin haifaffun Afirka ne. Sannan daga 1841 aka riƙa kawo wasu 'yan Afirkan, waɗanda sojojin ruwan Ingila suka ƙwato daga jiragen fataken bayi, domin su yi aikin ƙodago a gandaye. Akwai Yarabawa da mutanen Kwango da na Dahomey, akwai kuma Hausawa da Fulani, kamar yadda binciken Maureen Warner-Lewis, wadda ta tattara waƙoƙi da labarai daga bakin jikokinsu, ya tabbatar. Tun kafin nan ma akwai wata al'ummar Musulmi a Port of Spain ƙarƙashin jagorancin Jonas Mohammed Bath, waɗanda suke tara kuɗi suna fansar 'yan'uwansu daga bauta, har suka rubuta wa hukumomin Ingila takardar neman a mayar da su gida. Tasirin Yarabawa da na mutanen Kwango ya fi na sauran fitowa fili a kiɗa da addinin gargajiyar tsibirin, amma dukkansu sun zauna a unguwanni ɗaya, kuma a cikin waɗannan unguwanni ne kalankuwar ta sami siffar da aka san ta da ita.

Zuciyar bikin a wancan zamani ita ce kalinda, wato wasan karawa da sanda. Kowace unguwa a birnin tana da ƙungiyarta da sarkinta da sarauniyarta da gwanayen sandarta. Akan yi da'ira, makaɗa su zauna a gefe, mutum biyu su shigo fage kowanne da sandar icce mai tauri wadda tsawonta ya kai kimanin ƙafa huɗu, su yi ta rawa suna zagaya juna har ɗaya ya sami sarari ya kai sara. Wanda aka fasa wa kai ya faɗi ke nan, kuma akwai wani ɗan rami da ake haƙawa a gefen fage inda zai sunkuya jininsa ya zuba a ciki. Kowace ƙungiya tana da mawaƙinta da ake kira shantuwel, wanda aikinsa ya yi kama da na makaɗan 'yan dambe a wajenmu: ya yi wa gwaninsa kirari har tsikar jikinsa ta tashi, ya yi wa abokin karawa zambo, jama'a suna amshi. Mata da yawa sun yi fice a wannan waƙa. Daga bakin waɗannan mawaƙa ne kalifso, wato salon waƙar sharhi na Tirinidad, ya fito daga baya, abin da ya sa har yau ba ya rabuwa da habaici da cika baki.

A 1880 shugaban 'yan sandan tsibirin, Kyaftin Arthur Baker, ya tare masu Kambule ya ƙwace sandunansu da wutarsu. Da shekara ta zagayo, ƙungiyoyin da suka saba faɗa da juna suka haɗa kai, kuma a daren bikin na watan Fabrairun 1881 suka yi arangama da 'yan sanda a titunan Port of Spain, aka ji wa mutane da dama ciwo a ɓangarorin biyu. Gwamna Sanford Freeling ya ga abin zai fi ƙarfinsa, sai ya umarci 'yan sanda su koma bariki, ya fita da kansa ya yi wa jama'a jawabi, ya bar su suka ƙarasa bikinsu a kan alkawarin zaman lafiya. Nasarar ba ta daɗe ba. A 1884 aka kafa dokar da ta ba gwamna ikon hana kaɗa ganga da ɗaukar wuta a titi da taruwar masu sanduna, kuma an zubar da jini a garuruwan kudu wajen tilasta ta. A watan Oktoban shekarar ne kuma jami'an tsaro suka buɗe wuta a San Fernando a kan jerin gwanon Hosay, wanda leburorin da aka riƙa kawowa daga Indiya tun 1845 suke yi a watan Muharram domin tunawa da kisan Husaini jikan Annabi (SAW), suka kashe mutane da dama. Wannan ya nuna cewa abin da hukuma take tsoro shi ne taron talakawa a kan titi, ko daga wace nahiya kakanninsu suka fito.

Hana ganga shi ne ya buɗe babin da ya fi kowane ban mamaki a wannan tarihi. Da aka raba mutane da fata da icce, sai suka shiga daji suka saro gora, suka yanka ta tsayi daban-daban, mai kauri a riƙa buga ta a ƙasa tana ba da amo mai zurfi, sirara kuma a riƙa buga su da juna, ana haɗawa da kwalba da cokali. Wannan kiɗa, da ake kira tambu-bambu, ya riƙe bikin shekaru da dama. Amma gora tana tsagewa idan an daɗe ana dukanta, don haka a cikin shekarun 1930 samarin unguwannin talakawa irin su Laventille suka fara maye gurbinta da duk wani ƙarfe da hannunsu ya kai gare shi: gwangwanin biskit, gwangwanin fenti, murfin kwandon shara, tsohon ƙarfen birkin mota. A nan ne wasu suka lura cewa idan gindin gwangwani ya lotsa a wurare daban-daban, kowane wuri yana ba da sauti nasa. An dakatar da kalankuwa daga 1942 zuwa 1945 saboda Yaƙin Duniya na Biyu, kuma samarin suka yi amfani da waɗannan shekaru suna gwaji a bayan gidaje. Ranar da aka yi shelar ƙarshen yaƙi a Turai, a watan Mayun 1945, suka fito titi da abin da suka ƙera, jama'a suka ji ƙarfe yana rera waƙa.

Tirinidad ƙasa ce mai arzikin man fetur, kuma Amurka ta kafa sansanin sojan ruwa a Chaguaramas lokacin yaƙin, saboda haka duron mai mai cin galan 55 ba ya wuyar samu. Ana danganta wa Winston Simon, wanda aka fi sani da Spree, kasancewa cikin na farko da suka fitar da cikakkiyar waƙa daga ƙarfe; Ellie Mannette ya shahara da komawa ga babban duro da lotsa fuskarsa ciki; Anthony Williams kuma ya tsara jerin sautukan a zagaye kamar saƙar gizo-gizo. Yadda ake ƙera gangar abin kallo ne. Maƙeri yakan kifa duro, ya ɗauki babbar guduma ya yi ta dukan gindinsa a hankali har ya zurma ya zama kamar kwano, sa'an nan ya zana wa kowane sauti gurbinsa, ya bi layin da ƙusa mai dakusasshen baki yana shata iyaka domin kada amon wani gurbi ya shiga na maƙwabcinsa. Daga nan sai ya yanke jikin duron gwargwadon muryar da yake so, gajere domin siririyar murya, cikakke domin babbar murya, ya gasa shi a wuta, sa'an nan ya zauna da ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasa kowane gurbi ta sama da ta ƙasa, yana kasa kunne, har sautin ya daidaita. Ganga guda mai siririyar murya takan ɗauki sautuka kusan talatin, mai kaɗa babbar murya kuwa yakan tsaya ne a tsakiyar duro shida, kowanne da sauti uku. Ana kaɗa su da 'yan sanduna masu roba a baki.

Ba a karɓi wannan fasaha da hannu biyu ba. Masu faɗa a ji sun ɗauki makaɗan ƙarfe a matsayin 'yan daba, kuma gaskiya ne cewa ƙungiyoyin, waɗanda suka ɗebo sunaye irin su Invaders da Tokyo da Casablanca da Desperadoes, sun sha gwabzawa da juna da adduna da kwalabe idan suka yi kiciɓis a titi. Iyaye sukan hana 'ya'yansu mata kula makaɗin ƙarfe. Abin ya fara sauyawa ne a 1951, lokacin da aka zaɓo gwanaye daga ƙungiyoyi daban-daban aka tura su Landan domin wani babban bikin baje kolin Birtaniya, inda mutanen da suka fara da dariyar tsatsattsun durorin suka koma tafi. Bayan samun 'yancin kai a 1962 ƙarƙashin Firaminista Eric Williams, aka ƙirƙiro gasar makaɗan ƙarfe ta Panorama a 1963, kamfanoni suka fara ɗaukar nauyin ƙungiyoyi, gabar da ake yi da adda ta koma ta kiɗa. A yau babbar ƙungiya takan hau dandalin Queen's Park Savannah da makaɗa ɗari ko fiye, akasarinsu ba su karanta rubutun kiɗa ba, sun haddace komai ne da kunne cikin makonnin da suka shafe suna atisaye kowane dare a filin unguwarsu. An ayyana gangar ƙarfe a matsayin abin kiɗan ƙasa a 1992, Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe mata ranar 11 ga Agusta a 2023, sa'an nan a 2025 aka cire jiragen ruwa guda uku na Kolumbus, Baturen farko da ya isa tsibirin, daga tambarin ƙasar aka sa hotonta a gurbinsu.

Ita ma waƙa ta bi irin wannan hanya. Da aka karya lagon kalinda, mawaƙan suka koma cikin rumfuna inda ake biyan kuɗin shiga, suka kuma sauya harshe zuwa Ingilishi wajen farkon ƙarni na 20. An fara naɗar kiɗan Tirinidad a faifai a 1912 a birnin New York. Mawaƙin kalifso ya zama jaridar wanda bai iya karatu ba: shi ne mai ba da labarin tsadar abinci, da abin kunyar da wani babban jami'i ya aikata, da yajin aikin ma'aikatan mai, duk cikin gugar zana da ban dariya, ta yadda kowa zai gane wanda ake nufi ba tare da an kama suna ba. Hukumar mulkin mallaka ta fahimci haɗarin, shi ya sa a 1934 ta kafa dokar da ta ba 'yan sanda ikon tace waƙoƙi, har jami'ai suka riƙa zama a rumfuna suna sauraro. Raymond Quevedo, wanda sunansa na waƙa shi ne Atilla the Hun, ya yaƙi wannan doka da bakinsa, daga baya jama'a suka zaɓe shi ɗan majalisar birni a 1946, sa'an nan ɗan majalisar dokoki a 1950. Lord Invader ya yi waƙa a kan yadda dalar sojojin Amurka ta lalata tarbiyya a tsibirin, aka ɗauke ta ba da izininsa ba, 'yan matan Andrews Sisters suka rera ta ta game Amurka a 1945, sai da ya je kotu kafin ya sami haƙƙinsa. Mighty Sparrow ya ci sarautar kalifso a 1956 aka ba shi dala 40, alhali sarauniyar kyau ta bikin ta tashi da dubbai, don haka ya ƙaurace wa gasar a shekarar da ta biyo baya. Calypso Rose kuwa da ta ci gasar a 1978, dole aka sauya sunan kambun, domin ba a taɓa tsammanin mace za ta ɗauke shi ba. Wannan kiɗa ya dawo Afirka ta Yamma ta hanyar faifai da rediyo, ya shiga cikin salon hailaif na Gana, har Lord Kitchener ya yi wa ƙasar waƙar murnar samun 'yancin kai na 1957.

A farkon shekarun 1970 Garfield Blackman, wanda aka sani da Lord Shorty, ya gauraya kalifso da salon kiɗan Indiyawan tsibirin, yana neman abin da zai haɗa manyan al'ummomin ƙasar biyu ya kuma ja hankalin matasa. Abin da ya fito shi ne soka. Soka ya fi sauri, kalmominsa kaɗan ne, yawanci umarni ne ga mai rawa ya ɗaga hannu ko ya kaɗa ƙyalle, kuma shi ne yake mulkin titi a yau ta bakin mawaƙa irin su Machel Montano. Kambun da kowane mawaƙin soka yake nema shi ne na waƙar da aka fi kaɗawa yayin da ƙungiyoyi suke ratsa wuraren alƙalanci a kwanakin biyu. An sami ƙaruwa ta fuskar kasuwa, amma an yi hasara biyu: waƙar sharhi ta koma ta rumfa da gasar sarautar kalifso ta daren Lahadin jajibirin biki, gangar ƙarfe kuma ba ta iya gogayya da lasifikokin da aka jibga a kan tirela, don haka ta ragu ƙwarai a cikin jerin gwanon da ita ce take jansa a da.

Sutura ita ce inda tarihin ya fi fitowa a ido, ga wanda ya san abin da yake kallo. Tsofaffin shigogin, waɗanda 'yan ƙasar suke kira tsohon mas, kowannensu yana da tafiyarsa da maganarsa da saƙonsa. Dame Lorraine, wadda a da namiji ne yake yin ta, tana fitowa da doguwar riga da laima da ƙirji da ɗuwawu na cushe, ramuwar gayya ce ga matan Faransawa masu gandaye. Midnight Robber yana sanye da baƙar alkyabba da faffaɗar hula mai geza, yana busa usur ya tare mutum, ya zuba masa dogon kirari na yadda ƙasa ta girgiza ranar da aka haife shi da yadda zai rama zaluncin da aka yi wa kakanninsa, ba zai sake shi ba sai ya ba da 'yan kuɗi. Baby Doll mace ce rungume da 'yar tsana, takan nuna wani namiji a cikin taro ta ce shi ne uban, ta nemi kuɗin madara, wanda wasa ne da ke ɗauke da ƙorafi na gaske. Akwai Jab Molassie, wanda yake shafe jiki da baƙin kaurin ruwan rake, wani lokaci da sarƙa a ƙugunsa. Akwai shuɗɗan aljanun ƙauyen Paramin da ke kan duwatsu, masu shafa bula, suna ihu suna feso wuta daga baki, yara suna kaɗa musu gwangwanin biskit. Akwai masu shigar sojan ruwa da suke tangaɗi kamar mashaya, sai kuma Moko Jumbie, masu rawa a kan dogayen sanduna, waɗanda asalinsu daga Afirka ta Yamma ne. Gadon Kambule kai tsaye shi ne J'ouvert, fitar da ake yi wajen ƙarfe huɗu na asubahin Litinin, inda mutane suke shafe juna da taɓo da fenti da mai har ba a iya bambanta attajiri da lebura.

Daga tsakiyar ƙarni na 20 ƙungiyoyin ado suka girma, kowacce takan zaɓi jigo guda ta ba da labarinsa da ɗaruruwa ko dubban mutane. A 1957 George Bailey, yana saurayi, ya fito da ƙungiyar da ta nuna Afirka cikin alkyabbu da rawuna da alfarmar sarauta, a lokacin da aka saba nuna ta da tsumma da mashi, ya kuma ci kambun shekara. Wannan ya sauya yadda baƙaƙen fatar tsibirin suke kallon asalinsu. Peter Minshall, daga 1976, ya mai da titi dandalin wasan kwaikwayo, yana ƙera manyan siffofi da sanda da yadi waɗanda suke motsi da motsin mai ɗauke da su. A 1983 ya fito da labarin wata ƙaguwar ƙarfe mai wakiltar haɗama da fasahar da ba ta da imani, wadda ta yi galaba a kan wata mai wanki sanye da farare, har farin ƙyalle ya rine da jini a gaban 'yan kallo. Shi ne aka gayyata ya yi aiki a bukukuwan buɗe gasar Olamfik ta Barcelona a 1992 da ta Atlanta a 1996. A bayan irin waɗannan mutane akwai masu lanƙwasa waya da maƙeran tagulla da teloli, waɗanda suke kwana suna aiki watanni kafin biki.

Abin da ya fi yawa a titi yanzu wani abu ne daban. Manyan ƙungiyoyin zamani kamfanoni ne, kuma abin da suke sayarwa shi ne ɗan kamfai da rigar mama da aka yi wa ado da duwatsu, da fukafukan gashin tsuntsu, tare da abinci da abin sha da banɗakin tafi-da-gidanka da masu gadi. Kuɗin shiga yakan kai ɗaruruwan dalolin Amurka, na sahun gaba ya haura dubu, kuma kaya da yawa daga ƙasashen waje ake shigo da su a haɗe. Masu gadin suna tafe riƙe da igiya da ta kewaye ƙungiyar, domin kada wanda bai biya ba ya shiga. A ganina wannan igiya ta fi ƙarancin suturar zama abin damuwa ga mai kishin tarihin bikin, domin jikokin waɗanda suka yi fito-na-fito da Kyaftin Baker a kan 'yancin taka titi su ne yanzu ake biya ladan yini su riƙe ta, ko kuma suke tsaye a bayanta suna kallo. Masu kare sabon salon suna da hujjarsu: mata ne suka fi yawa a cikin waɗannan ƙungiyoyi, da kuɗinsu suke saye, kuma da yawansu suna cewa kwanakin biyu ne kaɗai suke jin jikinsu nasu ne, ga kuma baƙi da kuɗin shiga da bikin yake jawo wa ƙasa. A ɗaya gefen, ba kowane ɗan Tirinidad ne yake shiga ba, domin Musulmi da Hindu da Kiristoci masu yawa suna ƙaurace masa saboda shaye-shaye da tsiraici, wasu majami'u ma sukan kwashe matasansu zuwa sansani a bayan gari har a gama.

Wannan salo na gashin tsuntsu shi ne ya fi saurin yaɗuwa a duniya, ko da yake shi ma yaɗuwar tana da nata tarihin gwagwarmaya. Bayan farmakin da gungun fararen fata suka kai wa baƙaƙe a unguwar Notting Hill ta Landan a 1958, wata 'yar jarida haifaffiyar Tirinidad, Claudia Jones, ta shirya kalankuwa a cikin zauren taro a watan Janairun 1959 domin ta ɗaga kan mutanenta, kuma daga tsakiyar shekarun 1960 bikin ya fito titi, inda a yau yake tara jama'a fiye da miliyan guda a ƙarshen watan Agusta. Toronto ta fara nata a 1967, Brooklyn tana da nata, kuma kalankuwar Kalaba da aka fara a 2004 a jihar Kuros Riba ta ɗauki tsarin ƙungiyoyi da gasa daga Tirinidad. Sauran tsibiran Karibiyan suna da nasu masu tushe daban, kamar Junkanoo na Bahamas da bikin ƙarshen girbin rake na Barbados.

A cikin gida kuwa, tsohon mas bai mutu ba, sai dai an ware masa lokaci da wuri. Kowace asubahin Juma'ar da ke gaban biki akan sake kwaikwayon arangamar 1881 a gabashin Port of Spain, da ganguna da wuta da masu sanda, kuma mutane sukan cika wurin tun kafin gari ya waye. Ana gudanar da gasar kalinda ta ƙasa, ana kuma shirya jerin gwano na musamman domin tsofaffin shigogi. A unguwar Cocorite akwai makarantar Keylemanjahro, wadda tun shekarun 1980 take koya wa yaran talakawa rawa a kan dogayen sanduna, kuma ita ce ta farfaɗo da Moko Jumbie bayan ya kusa ɓacewa. Makarantun firamare da na sakandare suna da tasu gasar gangar ƙarfe da ta kalifso, sannan a kalankuwar yara ta ranar Asabar har yanzu ana ganin suturar da aka ɗinka da hannu, mai jigo da labari, wadda iyaye da malamai suka yi makonni suna haɗawa.